Ƙyalle na Goma Sha Biyu

Tun watan da likita na biyu ya tattara kayansa ya tafi, Safinatu ta koma karanta katin majinyaci sau biyu kafin ta zuƙi allura. Ba wanda ya sa ta. Shekararta goma sha ɗaya tana aikin jinya, shida daga ciki a wannan ƙaramin asibiti da ke bakin titin da ya bar Boɗinga ya miƙa Shagari, kuma a da in Likita Attahiru ya rubuta abu, ko waiwaye ba ta yi.

Lokacin da aka kawo shi, farkon mulkin farar hula, likitoci uku ne a wurin. Saurayi ne dogo mai yawan dariya, ya san sunan kowane ƙauye daga Sifawa har Horo Birni, tsofaffin mata kuwa angonsu suke kiransa. Sai abubuwa suka taɓarɓare, aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Likita ɗaya ya tafi ƙaro karatu, ba a maye gurbinsa ba. Ɗayan baƙo ne daga ƙasar waje, wa'adinsa ya cika ya koma gida. Zuwa bazarar 1983, Attahiru ya yi wata takwas shi kaɗai, gado arba'in, ga waɗanda ke kwance kan tabarmi a baranda, ga sanƙarau ya shigo ƙauyuka da zafin rana.

Kayan aiki ma suka riƙa yankewa ɗaya bayan ɗaya. Da ƙyallen tsane jini na ɗakin tiyata ya daina zuwa daga birni, Safinatu ta samo yadin alawayyo ta yanka shi gida goma sha biyu, ta kalmashe bakin kowane da hannunta. In an gama aiki a wanke su, a dafa, a shanya a igiya bayan ɗakin, gobe a sake dafawa a yi amfani da su.

Sauyin Likita bai zo rana ɗaya ba. Gaisuwa ya fara bari. Daga nan ya bar kallon fuskar wanda ke gabansa, sai wurin ciwon kawai. Yakan fara magana ya tsaya a tsakiya, biro a hannu, ido buɗe, har sai wani ya yi gyaran murya. Wata Talata ya rubuta wa jariri ɗan wata bakwai allurar zazzaɓi daidai ta ƙaton namiji. Safinatu ta karanta, ta rage ta yadda ya kamata ba tare da ta ce uffan ba. Bayan kwana huɗu ya sallami wata mata da katin wata.

Mutum ɗaya ta gaya wa, Malam Ɗanladi, dattijon da ke sa majinyata barci in za a yi musu aiki.

"Na gani tun tuni," in ji shi, murya ƙasa ƙasa. "Shekaranjiya sai da nit taɓa mai gwiwar hannu sannan yat tuna bai ɗaure jijiya ba. To mi za mu yi, Sista? In munka kai ƙara aka ɗauke shi, wa za a ba mu?"

Suka daidaita a tsakaninsu cewa duk aikin da za a shiga, su biyun suna ciki. Shi ido kan numfashin majinyaci, ita ido kan hannun Likita. Kafin a ɗinke ciki sai ta ƙirga ƙyallayen nan da ƙarfi, ɗaya har goma sha biyu, kowa ya ji. Haka suka yi ta tare ɓarna tun ba ta fito ba, shi ya sa a waje ba wanda ya san akwai abin tarewa.

Wata rana bayan azahar ta kai masa fura ofis. Ta same shi zaune, ya jingina kai da bango, abincin da aka aiko masa tun safe yana rufe bai taɓa ba.

"Likita, da ka ɗauki hutu ko na mako guda. Jikinka na son shi."

Ya jawo aljihun tebur ya nuna mata kwafin takardun neman hutu. "Biyat ke nan na rubuta. Amsa guda anka ba ni, wai in yi haƙuri har bayan zaɓe."

"Ko Jumu'a da Asabar ka tahi gida ka ga Inna."

"In dawo in ishe gawa nawa?" Ya mai da takardun, ya tura aljihun ya rufe. Can ya ce, "Kin tuna yarinyar da tar rasu jiya da hantsi, mai sanƙarau? Hannuna na bisa ƙirjinta sa'ad da numfashin yat tsaya. Kin san abin da yaz zo mani a rai? Gado guda ya samu. Shi ke nan abin da nij ji, Safinatu. Na tsaya ina jiran tausayi shi zo, bai zo ba."

Ta tura masa kwanon furar, ta fita. Tun daga ranar, in ta hango shi ya nufi ɗakin tiyata sai ta ajiye abin da take yi ta bi bayansa.

Ranar wata Alhamis da hantsi wata a-kori-kura mai ɗaukar albasa ta tsaya a ƙofar asibiti, aka sauko da mutum a nannaɗe, gwiwoyinsa a ƙirji. Sai da ta matso ta ga wanta ne, Arzika, wanda ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, ya tsaya kai da fata har aka bar ta ta yi makaranta. Ya daɗe da ƙaba yana ɗaure ta da tsumma yana zuwa fadama. Yau wajen ɗora buhu ta fito ta ƙi komawa, tun asuba yake amai.

Likita ya zo ya latsa wurin, a matsematsin dama, ya ce hanji ya shaƙe, sai an yi aiki yau. Ya sa lokaci bayan azahar, ya yi rubutu a kati ya miƙa mata. Ta duba. Hagu ya rubuta.

"Likita, dama ta."

Ya kalli katin, ya kalli Arzika, kamar yanzu aka shigo da shi. "Dama," ya ce, ya soke ya gyara. Daga nan ya je wajen duron ruwa wanke hannu. Safinatu na tsaye tana kallo: ya cuɗa sabulu, ya ɗauraye, ya sake cuɗawa, ya ɗauraye, ya sake. Ta ƙirga sau shida. Idonsa na kan bango, leɓensa na motsi ba sauti.

Ta fita da sauri ta tare direban a-kori-kurar tun bai tayar ba. Ya ce mansa da ƙyar zai kai birni, amma in kaiwa ce kawai zai gwada. Tana dawowa Malam Ɗanladi ya tare ta a baranda.

"Ina za ki kai shi?"

"Sakkwato."

"Sista, akwai matar nan ta ɗakin haihuwa, Rahamatu, wadda anka kawo daga rugga bayan Shagari. Tun jiya take naƙuda. In abin ya ƙi, aiki za a yi mata."

"Ungozoma ta ce kan ya sauko. Za ta haihu da kanta in Allah ya so."

"In ba ta haihu ba hwa?"

"Malam, wana na. Uwa guda uba guda."

Dattijon ya kauce mata daga hanya.

Ba ta so ta tafi kamar ɓarauniya, sai ta leƙa ofis. Ta shirya ƙarya tun a hanya, cewa dangi ne suka matsa sai birni. Tana cikin faɗi Likita ya ɗaga hannu ya tsayar da ita.

"Kin ga katin, ko ba haka ba?"

"Na gani."

"Tahi da shi. Kada ku tsaya ko'ina, kada a ba shi ko ruwa." Ya rubuta takardar turawa, ya karanta ta a hankali yana bin kowane layi da yatsa, sannan ya miƙa mata. "Da nawa na, ni ma haka zan yi."

Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ta ci musu kusan uku. Mai ya ƙare musu gab da shiga gari, sai da direba ya bi 'yan bumburutu da galan. A bakin titi motocin 'yan siyasa na wucewa da lasifika da tutoci, Arzika na kwance cikin ɓawon albasa, kansa a cinyarta, leɓensa ya bushe ya tsage. An shiga da shi tiyata da la'asar. Likitan da ya yi aikin ya ce da an ƙara awa biyu da sai an yanke hanjin. Ta zauna da shi Alhamis da Juma'a, ranar Asabar da ta ga ya kurɓi kunu ya zauna, ta bar shi hannun matarsa ta hau motar Boɗinga.

Tana shiga asibiti wani Bafulatani siriri mai malfa ya taso daga gindin dogon yaro ya durƙusa yana gaishe ta. Mode ne, mijin Rahamatu. Ya ce an yi wa matarsa aiki ranar Alhamis da yamma, an ciro ɗiya mace, lafiyayya, Allah ya saka wa ma'aikata da alheri. Har nono ya kawo a ƙwarya, ya ce a raba.

Safinatu ta yi hamdala. Ta je ta duba mai jego. Yarinya ce da ba ta wuce ashirin da biyu ba, kyakkyawa, mai kunya, ta ja mayafi ta rufe baki tana amsa gaisuwa. Jikinta da ɗan ɗumi, amma ba abin tayar da hankali ba ne kwana biyu bayan aiki.

Lahadi ɗumin ya zama zazzaɓi. Litinin cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, ko mayafi ya taɓa shi sai ta cije leɓe. Ta daina karɓar jaririyar. Likita ya zo zagaye, ya ƙara mata allura, ya wuce gado na gaba.

Safinatu ta samu Malam Ɗanladi yana goge kayan aikinsa.

"Ran Alhamis wa yat taya Likita?"

"Ungozoma. Jini ya ɓalle, Sista, ba kaɗan ba. Injin wuta ya mutu muna tsaka, da tocila munka ƙarasa. Ni ina kan numfashinta, ban ɗaga kai ba."

"Wa yaƙ ƙirga ƙyalle?"

Hannunsa ya tsaya a kan abin da yake gogewa.

Ta zagaya bayan ɗakin. An yi wanki da safe, ƙyallayen na jere a igiya, sun bushe ƙayau, ba ko iskar da za ta motsa su. Ta bi su da yatsa. Goma sha ɗaya. Ta sake daga ɗaya ƙarshen. Ta duba tukunyar dafawa, ta duba bokiti, ta tona ramin shara da kara, ta tambayi mai wanki, matar ta rantse tun Juma'a haka take wanke su, ta ɗauka an yar da guda ne.

Layin masu ganin Likita ya kai har bakin ƙofar waje. Safinatu ta ratsa su ta shiga, ta ce wa tsohon da ke zaune gabansa ya ɗan ba su wuri, ta tura ƙofa.

"Ƙyalle goma sha ɗaya na bisa igiya."

Ya ci gaba da rubutu. Ya kai ƙarshen layi, ya sa hannu, ya rufe biro. Sannan ya ɗora tafukansa biyu kan tebur yana kallonsu.

"Na tuna na cusa guda can ƙasa, bayan mahaihwa, don in tsai da jinin," ya ce a hankali. "Ban tuna na hiddo shi ba. Tun Jumu'a nike son in tuna. In na rufe ido sai in ga na hiddo, in na buɗe sai in rasa ko wata mata ta daban ta."

"Tun Jumu'a, Likita? Ba ka hwaɗi ba?"

"Na ce in na yi barci zan tuna."

Ta so ta yi masa ihu. Sai ta tuna inda ita take ranar Alhamis da yamma, ta fasa.

Rahamatu ba za ta jure hanyar birni ba, wannan kowa ya gani. Aka shiga da ita kafin azahar. Likita ya warware ɗinkinsa, wari ya cika ɗakin har ungozoma ta juya baya. Ya sa hannu can ƙasa ya jawo ƙyallen, ya dunƙule ya canza launi, amma Safinatu ta gane kalmasar hannunta a gefensa. Suka wanke cikin da duk ruwan gishirin da ya rage a asibitin. Hannunsa bai yi rawa ko kaɗan ba a wannan aikin. Tun da ta san shi ba ta taɓa ganin ya yi ɗinki mai kyau kamarsa ba.

Rahamatu ta kwana biyu tana fama. Ranar Laraba da walaha ta cika, Safinatu na riƙe da kwalbar ƙarin ruwa da aka rasa inda za a rataye.

Likita da kansa ya fita wurin Mode. Safinatu ta bi bayansa. Mutumin na zaune gindin bishiyar nan tare da wata tsohuwa, gwaggonsa, da ta goya jaririyar. Ya ga fuskokinsu ya gane, ya yi salati, ya sunkuyar da kai.

"Malam Mode," in ji Likita, "akwai abin da ya kamata ka sani. Aikin farko da niy yi mata, na bar ƙyalle cikin cikinta. Shi yaj jawo ciwon. Kuskurena na."

Mode ya ɗago ya dube shi da jajayen idanu, ya girgiza kai. "Haba Likita. Kada ka ɗora ma kanka abin da ba naka ba. Sau biyu kana tsayuwa kanta, ina nan ina gani, ko abinci ba ka ci ba. Kwananta ya ƙare. Wanda yab ba ni ita shi yak karɓa."

"Ba ka gane ba. Da na ƙirga..."

"Na gane. Allah shi biya ka." Ya kama hannun Likita da hannu biyu ya riƙe. Tsohuwar dai kallon Likita take yi, ta koma kan Safinatu, ta daɗe tana kallonta, sannan ta gyara goyonta ta juya musu baya.

Aka sa gawar a amalanken shanu, suka kama hanyar Shagari cikin rana. Ba wanda ya zo bincike. Likita ya rubuta abin da ya faru dalla dalla, ya sa hannu, Safinatu ta ƙara nata bayanin a ƙasa har da tafiyarta, suka aika birni. Amsar da ta zo bayan mako biyu layi uku ce: an samu takardarsu, ana yaba ƙoƙarinsu a wannan mawuyacin lokaci, za a duba batun ƙarin likita in hali ya yi.

A tsakanin nan Likita ya ajiye wuƙa. Yana duba marasa lafiya, yana rubuta magani, Safinatu na bin bayan rubutun a fili yanzu, shi yake miƙo mata ma ya ce ta duba. Amma duk mai bukatar aiki sai ya tura shi Sakkwato. Cikin kwana goma sha tara ya tura mutum bakwai. Biyar sun isa. Wata mai naƙuda ta rasu a mota daidai Sifawa. Wani yaro makiyayi da sa ya soka, danginsa suka yini neman motar da ke da mai, da suka rasa suka mai da shi gida, labarinsa ya zo bayan kwana biyu. Duk wanda aka faɗa wa Likita sai ya gyaɗa kai kawai, ya ce a kira na gaba. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ran da hadarin farko ya haɗu a gabas, gari ya yi duhu tun la'asar ba ta yi ba, aka kawo wani magidanci daga wani ƙauyen Shagari a kan jaki, an tallafe shi ta kowane gefe. Kwana uku cikinsa na murɗa, yanzu ya yi tauri, idanunsa sun faɗa. Likita ya latsa, ya saurara, ya miƙe. Malam Ɗanladi ya aika bakin titi a nemo mota. Aka dawo aka ce tun safe ba abin da ya wuce sai tirela guda, ita ma kudu ta yi.

"Ko an samu motar ba ya kaiwa," in ji Likita. Ya dubi Safinatu, ya dubi dattijon. "Ku dahwa kaya."

Ya nufi duron ruwa. Safinatu ta ɗauko faranti ta jera ƙyallayen, goma sha ɗaya, ta faɗi adadin da ƙarfi don Malam Ɗanladi ya ji. Iska ta fara buga tagogi, wutar ɗakin ta yi ƙasa ta dawo.

Za ta shiga ke nan matar majinyacin ta riƙo gefen rigarta. Mace ce mai jiki, ta tsufa kaɗan, ƙafafunta duk ƙurar hanya.

"Malama, don Allah tsaya. Shi kaɗai gare mu, ɗiya bakwai. An ce muna likitan ga ya iya aiki. Ke da kike tare da shi kullum, gaskiya na?"

Safinatu ta waiga. Ta ƙofar da ke buɗe tana hango bayansa, ya sunkuya kan duro, yana cuɗa sabulu karo na uku.

"Ya iya," ta ce. "Ki zauna nan ki yi ta addu'a. Kada ki bari."

Matar ta saki rigar a hankali, tana neman wani abu a fuskarta. Safinatu ba ta bari sun haɗa ido ba. Ta shiga, ta taɓa gwiwar hannun Likita ta ce masa hannun ya wanku haka nan, sannan ta mai da ƙofa ta rufe.